Mu Ba Da 'Ya'yanmu Mata Su Koyi Aikin Jinya

'Yan'uwana mata, yau filin namu zai yi magana ne a kan wata ma'aikaciya wadda kusan kowaccenmu ta taɓa faɗawa hannunta, ko a ɗakin awo, ko a ɗakin haihuwa, ko ran da yaro ya kwana da zazzaɓi. Ina nufin malamar asibiti, wadda wasu ke kira nas, wasu kuma sista. Muna yawan zancenta a gidan suna da bakin rijiya, amma galibi zancen ba ya wuce biyu: ko dai a ce an je ba a same ta ba, ko kuwa a ce tana da faɗa. Ba mu cika tsayawa mu tambayi kanmu ba, shin mene ne ainihin aikinta, me ya wajaba a kanta, me ya wajaba a kanmu, kuma me ya sa a ƙasar Gobir, tun daga Tozai da Isa har Sabon Birni, ta zama mai wuyar samu haka?

Bari mu fara da abin da ya auku a ƙofar gidanmu. A watan Maris na shekarar 2024 sunan Tozai ya kai har Abuja, kuma ba don abin farin ciki ba. Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato ta sanar da Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, watau NCDC, cewa wani ciwo ya ɓulla a Ƙaramar Hukumar Isa, yana kama yara. Cikin yaro ya kumbura da ruwa cikin ɗan lokaci, ga zazzaɓi, ga amai, ga rama. A watan Afrilu hukumar ta ba da lissafin mutum 164 daga mazaɓu shida, watau Bargaja, Isa ta Arewa, Isa ta Kudu, Tozai, Tsabre da Turba. Sha biyu daga cikinsu mutanen Tozai ne, yawancinsu kuwa yara ne 'yan shekara 4 zuwa 13, kuma huɗu sun rasu. An yi jinyar wasu a Babban Asibitin Isa, an kai wasu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Gwajin farko ya nuna akwai dalma da wani ƙarfe mai suna kuromiyam a jinin yaran da aka fara aunawa, abin da ya tuna wa jama'a gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙasar Anka da Bukkuyum a 2010.

To, ku lura da abu ɗaya. Wannan lissafi na 164 bai faɗo daga sama ba. Kafin ya kai Abuja, sai da wani ma'aikacin lafiya ya zauna ya rubuta sunan yaro, da shekarunsa, da ƙauyensu, da ranar da ciwon ya fara. Uwa ɗanta kaɗai ta sani. Maƙwabciya ta san biyu ko uku. Amma mai riƙe da littafin asibiti ita ke iya gane cewa yara goma sun zo da irin kumburi ɗaya cikin mako ɗaya, ta ce wannan ba na banza ba ne, ta kai magana gaba. Inda babu mai rubutawa, yara su yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kowane gida yana cewa nasa iska ne ko sammu.

Aikin da ba a gani

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka aikin malamar asibiti bai wuce yin allura da miƙa ƙwaya ba. Alhali kuwa allura ita ce ƙaramar aba a cikinsa. Likita yakan zo zagaye sau ɗaya ko biyu a rana, ya duba, ya rubuta, ya wuce. Wadda take tare da majinyaci safe da rana da dare ita ce malamar jinya, shi ya sa ake raba musu aiki kashi-kashi, kuma ba a yarda mai tashi ta tafi ba sai ta danƙa wa mai karɓa bayanin kowane gado.

Babban aikinta shi ne lura. Tana auna zafin jiki, wanda a mai lafiya yake wajen digiri 37. Tana ƙirga bugun jini da numfashi, tana auna hawan jini, tana duba yawan abin da majinyaci ya sha da yawan fitsarin da ya yi, sa'an nan ta rubuta duka a takardar da ke jikin gado. Ga mai kallo wannan wahalar banza ce, amma daga waɗannan lambobi ne ake gane wanda jikinsa ya soma rikicewa tun kafin idonsa ya juye. Macen da ta haihu, idan bugun jininta yana ƙaruwa, awon jininta yana sauka, to jini ne ke zuba ko da ba a gan shi a zane ba. Wadda ta gane haka da ƙarfe biyu na dare ta tashi likita, ita ce Allah ya sa ta zama sanadin kwanan maijego.

Wajen ba da magani kuwa, an koya mata ta tabbatar da abubuwa biyar kafin ta miƙa hannu: majinyacin da aka rubuta wa, da maganin da aka rubuta, da yawansa, da hanyar da za a ba shi, da lokacinsa. Yawan maganin yaro gwargwadon nauyinsa ne, shi ya sa ake ɗora shi a sikeli. Don haka idan kin ga tana sake tambayar sunan ɗanki alhali jiya ma ta tambaya, kada ki ce mantuwa ce ko rainin wayo. Ƙa'idar aikin ke nan.

Har ila yau ita ce mai wanke gyambo, mai juya wanda ba ya iya motsi bayan kowane awa biyu don kada bayansa ya ruɓe, mai tabbatar da an dafa kayan aiki an kuma wanke hannu tsakanin majinyaci da majinyaci. Ita ce mai ɗaura wa yaro igiyar awon damtse, in ta nuna ja ta san tamowa ta yi tsanani. Ita ce mai buɗe bakin yaro bayan ƙyanda ta duba dasashi, domin ciwon noma mai cinye leɓe da kumatu daga ɗan miki yake farawa, kuma in an gano shi da wuri maganin ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau da tsabtace baki sukan tsayar da shi. A Sakkwato akwai asibiti sukutum na wannan ciwo tun 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Yaron da aka kai can don a gyara masa fuska, da an samu mai duba bakinsa a ƙauye tun makon farko, da wataƙila bai kai ga haka ba.

A ɗakin awo da ɗakin haihuwa

Nan ne abin ya fi shafarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kimanin 75,000 suka mutu a Nijeriya a sanadin ciki da haihuwa, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk matan da suka mutu ta wannan hanya a duniya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya nuna cewa a Jihar Sakkwato wajen haihuwa ɗaya ce cikin goma ƙwararriyar ma'aikaciya ke karɓa. Sauran tara a bayan ɗaki ne, tsakanin mace da Mahaliccinta, sai ko tsohuwa mai yankan cibi.

Ba muna raina unguwarzomar gargajiya ba ne. Iyayenmu ne, kuma sun yi abin da suka iya. Amma akwai abubuwan da ido da hannu kaɗai ba sa ganewa. Jijjiga, wadda mutanenmu ke cewa iska ce ta buge mai ciki, hawan jini ne ke kawo ta, kuma tana ba da alama tun da sauran lokaci: ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannuwa, gani dishi-dishi. Malamar awo tana gane ta da abin awon jini da gwajin fitsari, kuma akwai allurar da ke tsayar da ita. Shi ya sa tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mai ciki ta ga ma'aikaciyar lafiya sau takwas kafin ta sauka.

Haka nan doguwar naƙuda. Unguwarzomar asibiti tana da takarda ta musamman da take zana yadda naƙuda ke tafiya awa bayan awa. In layin ya kauce, ta san ba hanya, sai ta tura mace inda za a yi mata aiki. In aka bar ta kwana biyu ko uku kan ɗa yana danne mafitsara, naman wurin ya mutu, sakamakon shi ne yoyon fitsari, galibi kuma ba ɗan. Ku tambayi matan da suka yi zaman jiran aiki a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha a Sakkwato, ko a Babbar Ruga ta Katsina inda Dokta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya soma ɗinkin wannan lalura tun cikin shekarun 1980. Ko a can ma, bayan likita ya ɗinke, malaman jinya ne ke kula da robar fitsari dare da rana har makonni, in ba haka ba ɗinkin ya warware.

Wani abin da ya kamata mu yi alfahari da shi shi ne, a shekarar 2013 Jihar Sakkwato ce ta fara a duk Nijeriya wajen raba magunguna biyu har cikin gidaje: man shafawa a cibiyar jariri mai suna kulohezidin, da ƙwayar tsayar da zubar jini bayan haihuwa mai suna misofurostol. Amma ku dubi inda ilmi yake da rana. Ƙwayar nan bayan ɗa ya fito ake shan ta, bayan an tabbatar babu tagwai a ciki. In aka sha ta kafin haihuwa don a gaggauta naƙuda, tana iya fasa mahaifa. Man kuwa na cibiya ne kaɗai, in aka sa shi a ido yana makantar da jariri. Magani ɗaya ne, ya zama ceto a hannun wadda aka koya wa, ya zama halaka a hannun mai cin-ta-da-ka. Saboda haka koyarwa ma aikin malamar asibiti ne, ba alfarma take yi miki ba in ta zauna ta yi miki bayani.

Kuma in ta ce ki rage kanwa a kunun jego, ki sassauta zafin ruwan wanka, ba raina al'ada take yi ba. Tun cikin shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka danganta kumburi da ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta.

Abin da muke bin ta

Yanzu sai mu juya ga 'yan'uwanmu masu farar riga, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Aikin nan amana ne kafin ya zama hanyar albashi, kuma akwai haƙƙoƙin da majinyaci ke bin ku.

Na farko, rufin asiri. Abin da mace ta faɗa a ɗakin awo bai kamata ya riga ta isa unguwa ba. A ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, magana ɗaya tana iya kashe aure, kuma macen da ta ji an tona asirin wata ba za ta sake faɗin gaskiyar ciwonta ba.

Na biyu, mutunci. Babu wata makarantar jinya da ke koyar da tsawa ko zagi ko marin mai naƙuda. Ƙaramar yarinya ce, haihuwar fari, an kawo ta daga ƙauye a tsorace, ga kunya, ga ciwo. In aka yi mata gatse aka ce ai ba da ke aka yi ba, to an kore ta ke nan, an kori ƙannenta da kishiyoyinta da maƙwabtanta. Mun sani cewa sau da yawa mace ɗaya ce ke riƙe da ɗaki guda tun magariba har asuba, ba wuta, ba ruwa, kuma gajiya tana taƙaita haƙuri. Duk da haka, wadda ke kan gado ba ita ta jawo ƙarancin ma'aikata ba.

Na uku, daidaita kowa. Matar mai kuɗi da matar da ta gudo daga ƙauye da zane ɗaya, wanda ciwonta ya fi tsanani ita ce gaba a layi. Na huɗu, neman izini da yin bayani kafin a taɓa jikin mutum. Na biyar kuma, sanin iyaka. Malamar kirki ita ce wadda in abu ya fi ƙarfinta take rubuta takarda ta tura gaba nan da nan, ba ta riƙe majinyaci don kada a ce ta kasa.

Ya kamata kuma mu san cewa ba duk mai farar riga ce malamar jinya ba. Tun 1979 doka ta kafa Majalisar Kula da Aikin Jinya da Unguwarzoma ta Nijeriya. Ita ke amincewa da makarantu, ita ke shirya jarrabawa, ita ke ba da lasin da ake sabuntawa, kuma tana da ikon ƙwace shi daga wanda ya ci amanar aikin. Akwai kuma jami'an lafiya na karkara, su ma da nasu horon da tasu hukumar, kuma su ne ke riƙe da yawancin ƙananan asibitocinmu. Amma yaron shagon magani da ya koyi tsira allura da kallo ba ya cikin ko ɗaya. Allurar da aka yi a gurbin da ba daidai ba a ɗuwawun yaro tana iya taɓa jijiya ta bar shi da ɗingishi har abada, kuma allurar da aka maimaita tana raba ciwon hanta da ƙanjamau. Araha ba ta ado.

Abin da take bin mu

Mu ma da namu laifin. Sai yaro ya kwana biyar da zawo, an gama da jiƙo da turare, idonsa ya faɗa, sa'an nan a ruga asibiti a ce malama ta yi abin al'ajabi. In ya cika a hannunta, a ce asibiti ba sa komai. Alhali da tun ranar farko aka kaɗa garin gishiri da sukari na leda a ruwa mai tsabta lita ɗaya aka yi ta ba shi, aka haɗa da ƙwayar zinki ta kwana goma, da labarin ya sha bamban. Mu riƙa zuwa da wuri. Mu faɗi gaskiyar abin da muka ba yaro a gida, ko da wanzami ne ya taɓa shi. Mu adana katin awo da na rigakafi kamar yadda muke adana kayan ɗaki. Mu ƙarasa magani ko da jiki ya yi sauƙi.

Ga iyayenmu maza kuma, tun da mun san ana karanta muku wannan fili, muna roƙon arziki. Maigida ya ba da izini tun ciki yana ƙarami cewa in naƙuda ta zo ba ya nan a tafi asibiti, ya kuma ajiye ɗan abin mota. Mata nawa suka rasa ransu ana jiran dawowar maigida daga kasuwar Shinkafi ko daga ci-rani?

Ina malaman suke?

Duk wannan bayani ba shi da amfani in aka je asibiti aka tarar da ƙofa a kulle. Kowa ya san halin da gabashin Sakkwato ya shiga. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutane fiye da saba'in a ƙauyukan Sabon Birni. A watan Disamba na 2021 an ƙona matafiya a cikin mota a Gidan Bawa. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Tun 2019 dubban mutanenmu suka tsallaka iyaka zuwa Jihar Maraɗi. Inda sarki bai tsira ba, wa zai ga laifin baƙuwar yarinya daga nesa in ta nemi a sauya mata wurin aiki?

Ga kuma ƙasashen waje suna janye waɗanda aka horar. A farkon 2024 magatakardan majalisar da muka ambata ya bayyana cewa malaman jinya 42,000 suka bar Nijeriya cikin shekara uku. Na kudu su tafi Ingila da Amurka da Saudiyya, na arewa su cike gurbinsu a manyan birane, ƙauye kuwa ya tashi a tutar babu. Tun 2009 Gwamnatin Tarayya ta gwada tura unguwarzoma karkara a ƙarƙashin wani shiri na musamman, aka ga amfaninsa, amma rashin biyan alawus a kan kari da rashin gidan kwana suka sa da yawa suka koma inda suka fito.

Darasin a fili yake. Wadda za ta zauna a Tozai ita ce wadda aka haifa a Tozai, wadda uwarta da mijinta da gonarsu ke nan, wadda in ta ce wa tsohuwa "Inna, a bar yankan gishirin nan" za a saurare ta domin an san 'yar gidan wane ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A nan ne muke saɓa wa kanmu. Kowane magidanci yana so mace ce za ta duba matarsa, kuma yana da gaskiya. Mu ma mun fi sakin jiki da 'yar'uwarmu, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Amma shi wannan magidanci shi ne mai cire 'yarsa daga makaranta da zarar ta gama aji shida. Mu da ke koyarwa muna gani da idonmu: aji ɗaya cike da 'yan mata, kafin a kai ƙarshen firamare benci ya yi fili, talla da aure sun kwashe. To, 'yar wa ake so ta duba matarka? Ba a girbin abin da ba a shuka ba.

Masu cewa aikin bai dace da 'yar Musulmi ba, su koma ga tarihi. Rufaida Al-Aslamiyya tana da tanti a Madina inda take jinyar masu rauni, kuma da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu a Yaƙin Gwalalo, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a kai shi tantinta. Wannan ya faru fiye da shekara dubu kafin Fulorens Naitingel ta tafi jinyar sojojin Ingila a yaƙin Kirimiya a 1854, ta kuma buɗe makarantar jinya a Landan a 1860. A ƙasarmu kuwa, Nana Asma'u 'yar Shehu ta naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata a cikin gidajensu. Mace mai ilmi da ke yi wa mata hidima ba baƙuwar aba ce a ƙasar Sakkwato ba.

Masu tsoron aure zai ɓaci kuma, aure ba ya hana karatu in an yi sharaɗi tun farko. Akwai matan aure da yawa a makarantun jinya, wasu da goyo. Uba ya faɗa wa mai neman 'yarsa cewa karatunta yana cikin maganar, ya sa waliyyai su shaida.

Gare ku 'yan makaranta

Ke da ke aji uku na ƙaramar sakandare, yanzu ne lokacin zaɓi. In kina son wannan aiki, ajin kimiyya za ki shiga. Ana bukatar kiredit biyar a Turanci, da Lissafi, da Fizis, da Kimistiri, da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Kada ki ce lissafi na maza ne. Wadda za ta auna maganin jariri mai kilo uku ba ta da zaɓi sai ta iya lissafi. Akwai kwalejin koyon aikin jinya ta jiha a Sakkwato da ta Tambuwal, akwai makarantar Asibitin Koyarwa, akwai digiri na shekara biyar a jami'a, akwai kuma kwalejin kimiyyar lafiya a Gwadabawa ga mai son zama jami'ar lafiya ta karkara. Daɗin daɗawa, an fito da horon unguwarzomar karkara na shekara biyu musamman domin 'yan mata irinki, waɗanda za su koma su yi wa garinsu aiki.

Amma ki sani tun yanzu, ba aikin farar riga da ƙwalisa ba ne. Akwai jini, akwai amai, akwai kwanan tsaye, akwai ranar Salla a bakin aiki, akwai ranar da za ki yi iyakar ƙoƙarinki rai ya yi halinsa. Ki gwada kanki a gida: in kakarki ba ta da lafiya, kina iya wanke mata jiki ba tare da yamutsa fuska ba? In ƙawarki ta ba ki sirri, yana kwana a cikinki? In amsar i ce, to ki dage.

Daga ƙarshe muna jawo hankalin Gwamnatin Jiha da shugabannin Ƙananan Hukumomin Isa da Sabon Birni. A keɓe gurabe a makarantun jinya domin 'yan matan waɗannan mazaɓu, a ɗauki nauyinsu, a yi yarjejeniya cewa za su dawo gida su yi aiki. A samar da malaman kimiyya a makarantun 'yan mata, a buɗe ajin share fage ga waɗanda kiredit ɗaya ko biyu ya hana su. Wadda aka tura karkara a ba ta ɗakin kwana mai tsaro, da ruwa, da fitila mai aiki da hasken rana, da alawus a kan kari. Hakimai da limamai kuma su sa baki, domin maganarsu ta fi tamu nisa.

Mu kuwa mata, namu a hannunmu yake. Kowace uwa ta dubi 'ya'yanta, ta zaɓi mai haƙuri da kaifin kai, ta sauke mata farantin talla, ta roƙi mahaifinta ya bar ta ta ƙarasa. Unguwa ɗaya ta fitar da yarinya ɗaya ma ya isa a fara. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sauki masu ciki lafiya, ya saka wa masu jinyarmu da alheri, ya kuma dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir, amin.